Ka je ka gaishe shi, kuma ka nemo wanda ya ara maka bayansa

Assalamu alaikum. Ƙanena mai tambaya, sau biyu na karanta abin da ka rubuta. Ka ce shekara shida ke nan da ka bar horon kareti ba tare da ka yi wa Masta sallama ba, yanzu ranka na son ka je gaishe shi amma kunya ta hana ka, kana neman shawara ko ya dace, kuma da me za ka je. Ni judo na yi, ba kareti ba, amma halin da kake ciki na taɓa shiga irinsa, don haka bari in ba ka nawa.

A Kaduna na fara, a 2009, shekarar da jihar ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa. Kallon da na yi a lokacin ne ya ja ni. Na je da ɗokin in koyi kayar da mutum, sai Mastanmu ya shafe kusan wata biyu bai nuna min ɗauka ko guda ba. Faɗuwa kawai. Ka faɗi ta baya, ka manna haɓa a ƙirji, ka daki katifa da hannu. Ka faɗi ta gefe. Ka mirgina ta kafaɗa ka miƙe. Ukemi ake kiran wannan. Damtsena ya yi ja, ya koma ya yi baƙi. Ranar da na kasa haƙuri na tambaye shi yaushe zan fara, bai ko ɗaga murya ba, ya ce, "Wanda bai san zafin ƙasa ba, ba na ba shi ɗan mutane ya kayar." Bayan shekaru babur ya watsar da ni a kan kwalta, kafin in san abin da ake ciki haɓata ta riga ta manne a ƙirji. Na kuje gwiwar hannu da kafaɗa, amma kaina bai taɓa ƙasa ba. A kwance a gefen titi, shi na fara tunawa.

Amma akwai wani da nake so ka tuna da shi, don shi aka fi mantawa. Ku a kareti kuna iya yin kata, wato jerin motsin naushi da shuri da ake haddacewa, ku kaɗai, ko ku daki buhu. Mu a judo ba za ka ƙware a kayarwa ba sai da jikin wani. Mai kayarwa ana ce masa tori, wanda ake kayarwa uke. Nawa uken wani bakanike ne daga Sabon Tasha, Kirista, ni kuma daga Tudun Wada nake zuwa. Ya girme ni, ya fi ni nauyi da wajen kilo 10, kuma yana da ɗamara mai ruwan ƙasa, ta waɗanda suka yi nisa a horo, lokacin da tawa take fara fat ta sabon shiga. Daga gareji yake wucowa, komai wankin da ya yi wa hannunsa sai ya bar min shatin baƙin mai a wuyan riga. Har yau rigar na nan da tabon, ban yar da ita ba.

Wannan bawan Allah zai tsaya in shiga masa in fita, in shiga in fita, sau ɗari a yamma ɗaya, yana gyara min da murya ƙasa-ƙasa: sauke ƙugu, ƙafarka ta yi nisa, ja hannun nan sama. Sannan ya bari in ɗaga shi in maka da ƙasa, ya tashi ya gyara ɗamara ya ce sake. Da ya ga dama, cikin daƙiƙa biyar zai shimfiɗe ni. Shi ya koya min cewa in ka kayar da mutum ba ka sakin hannun rigarsa, kana riƙe da shi kana ɗan ja sama don kada ƙeyarsa ta bugu. Kuma duk wanda ya taɓa bari aka shaƙe masa wuya a horo ya san abin da amana take nufi: idonka ya fara yin duhu, ka taɓa jikinsa sau biyu, nan take ya saki. Shekara biyar muna tare, bai taɓa ƙara min ko rabin daƙiƙa ba.

A watan Afrilun 2011, da rikicin bayan zaɓe ya ɓarke aka sa dokar hana fita, garin ya rabu biyu, kowa na zargin na ƙetaren kogi. Wayar farko da ta shigo min ba ta dangi ba ce, tasa ce. "Kana ina? Kada ka fito. Su Mama lafiya?" Da ƙura ta lafa muka koma horo, mutane suka ragu, waɗanda suka zo ma kowa na ɗari-ɗari. Masta bai yi wa'azi ba. Ya nuna ni, ya nuna shi, ya ce mu kama. Haka ya bi sauran yana haɗawa, ɗan wannan unguwa da ɗan waccan. Jigoro Kano, mutumin Japan da ya kafa judo a Tokiyo a 1882 da ɗalibai tara a kan tabarma goma sha biyu, ya bar wata ƙa'ida da suke kira jita kyoei, wato ka amfana, ɗan'uwanka ya amfana. Mu da ma muna da cuɗe ni in cuɗe ka. A wannan yammacin na ga ma'anarta da idona.

Sauran ma kowa da nasa alherin. Wata babbar yaya a cikinmu, ma'aikaciyar jinya, ita ke naɗe mana yatsu in sun gurɗe. Wani kuma shi ya kai takarduna inda na samu aiki.

To aikin nan ne ya ɗauke ni. Na ce sai mako mai zuwa zan je in yi sallama, mako ya zama wata, aure ya zo, ban ko kai wa Masta katin gayyata ba. Daga nan kunya ta shiga, irin taka. In na hango shi a kasuwa sai in canza layi. Shekara huɗu ina wannan ɓuya, ina ƙulla irin faɗan da zai yi min. Ranar da na daure na je, na tarar da shi a durƙushe yana ɗinke katifar da ta yage da basilla, furfura ta cika masa kai. Na yi sallama, bakina na rawa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ka zo? Riƙe min nan." Na durƙusa na riƙe masa bakin tamfol har ya gama ɗinkin. Sai bayan nan ya tambayi iyali. Da na fara ba da haƙuri ya ce ɗalibai nawa suka wuce ta hannunsa, bai taɓa jin haushin wanda neman abinci ya ɗauke ba, abin da ke damunsa kawai ya rasa sanin ko mutum na raye.

A wajensa na karɓi kwatancen garejin abokina. Na same shi a ƙarƙashin mota, da ya fito na ga yana ɗingishi, gwiwa ta lalace, ya daina horo. Nan jikina ya yi sanyi, don na san cikin faɗuwar da ta cinye gwiwar nan akwai dubbai da ya yi domin ni. Na faɗa masa haka, na yi masa godiyar da ban taɓa yi ba. Ya yi shiru, ya goge hannu da tsumma, ya rungume ni. Tun daga lokacin naman layyata na isa gidansa, shinkafar Kirsimetinsa na isa nawa.

Don haka ƙanena, ka je, kuma cikin makon nan. Ka zaɓi ranar horo, ka isa kafin a fara, ka cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ka saba. Kada ka tsaya jiran sai ka tara abin kirki. Jakar ruwa biyu da bandeji sun isa. In kana da hali, ka ja shi gefe ka tambaye shi ko akwai yaron da ya kasa sayen kayan horo ko biyan kuɗin gwajin ɗamara, ka ɗauke masa. Yawancin malaman nan daga aljihunsu suke yi. In kuɗi za ka ba shi, kada ka miƙa a gaban ɗalibai. Kafin ka fito, ka tambaye shi lambar wanda ya riƙa tsaya maka kana koyon naushi a jikinsa. In ka je ka dawo, ka ba mu labari.