Watan Mayu: Abin Da Zan Ce Ku Ɗinka, Da Abin Da Zan Ce Ku Dakata

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, barkanmu da yamma, barkanmu da zafi. Ku yi haƙuri da hayaniyar da kuke ji a bayana, ina shago ne a Kwari, ana sauke diloli a layinmu. Ƙanina, na ga saƙonka tun daren jiya, kana cewa wata ya kama ban turo shawarar da na saba turowa ba, kana son jin me ya kamata namiji ya ɗinka, me zai saya, ina kuma zai je ya sha iska a wannan wata na Mayu. To ga ni. Rubutu ba zai ɗauki abin da ke bakina ba, shi ya sa na danna murya.

Ka ga watan nan, fuska biyu gare shi. Farkonsa bazara ce tsagwaronta, zafi ya kai digiri 40 har ya haura a nan Kano, mutanenmu na Sakkwato da Maiduguri kuwa sun fi mu ba da labari. Ƙarshensa kuma hadari ya fara haɗowa daga gabas, iska mai ƙura ta taso, a samu ruwan farko. A tsakaninsu akwai zafin nan mai naso, wanda raɓa ta shigo iska amma ruwa bai sauka ba, ka yi wanka kana fitowa kana gumi. Don haka duk abin da za ka sa kuɗinka a kai, ka tambayi kanka: zai yi min amfani da tsakar rana, zai kuma yi min amfani ranar da ruwa ya tare ni a hanya? In amsar ɗaya ce kawai, ka dakata.

Bari in fara da yadi, tunda nan ne sana'ata. Ni mai sayar da shadda ne, amma wallahi ba zan ce ka sayi shadda don sawar yau da kullum a watan nan ba. Mutane suna cewa ai shadda auduga ce. Gaskiya ne, shadda mai kyau, irin su Getzner da ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, auduga ce. Amma wannan ƙyallin da maiƙon da muke so a jikinta, shi ne ke toshe ƙofofin zaren. Ka ƙara mata sitaci, ka kai wa masu bugu su daddaka, to iska ta ina za ta shiga? Sannan ɗigon ruwan sama ɗaya ya sauka a kanta, sai ka ga tabo. Ka ajiye ta don Juma'a da ɗaurin aure da Sallah, darajarta ke nan.

Abin da nake ba wa na kusa da ni shi ne boyal na maza mara nauyi, ko lilin, ko yadin auduga mai laushi. Lilin yana yamutsewa, kar ka ji tsoron wannan, halinsa ke nan, amma yana shan gumi ya bushe nan da nan. Inda matsalar take shi ne kasuwa ta cika da yadi mai roba da ake kira da sunan auduga. Ga yadda za ka gane, kuma duk ɗan kasuwar da yake da gaskiya ba zai hana ka ba. Ka ce a zare maka zare biyu uku daga bakin yadin, ka sa masa ashana a waje. Auduga tana ci kamar takarda, warinta na takarda ne, tokar kuma kana murzawa ta baje. Mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi ƙwallo mai tauri, ka ji warin leda. Ko kuma ka ɗaga yadin ka hura iska ta cikinsa, hannunka na ɗaya gefen. In ba ka ji iskar a tafin hannunka ba, jikinka ma ba zai ji ta ba. Na sha ganin yaro ya zo ya zaɓi yadi don yana sheƙi a hoto, bayan sati biyu ya dawo bayansa duk ƙurajen zafi. Abin yana damuna ƙwarai, don kuɗin da ya tara ne da guminsa.

Launi kuma. Fari shi ne sarkin zafi, amma da an fara ruwa, babur ɗaya ya wuce ka ta kwatami an gama. Ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, sararin samaniya, waɗannan sun fi juriya. Wanda nake ce wa mutane su yi hattara da shi shi ne ruwan toka mai haske. Yana da kyau a ido, amma babu launin da ya kai shi tona asirin gumi, hammata da gadon baya duk sai sun fito. Baƙi da shuɗi mai duhu kuwa ka bar su sai dare.

Yanzu maganar tela, kuma nan ne yawancin samari ke ɓata yadi mai kyau. Ka sayi yadi 4 ko 5 na kaftani, sai ka ce a matse shi a jiki kamar an zuba ka a ciki. Haba ƙanina! Kakanninmu da suka ɗinka riga mai faɗi da wando mai zariya ba jahilai ba ne, sun san ƙasar da suke ciki. Iska tana son wurin wucewa tsakanin fata da tufafi. Ka ce wa tela ya sake maka hammata, ya sake ƙirji, ya yi tsagar gefe mai ɗan tsawo. Aikin wuya kuma ya zama kaɗan. Wannan aikin kwamfuta mai cika ƙirji, akwai takarda mai gam da ake mannawa a bayansa, to ka sani faranti ka ɗora wa ƙirjinka. Siririn surfani a wuya da bakin hannu ya wadatar. Wandon ya tsaya a saman idon sawu, ka samu sunna, ka kuma tsira daga taɓo. Kar ka bar singileti na auduga, shi ke tare gumi kafin ya kai ga rigar. Ka samu guda 4 ko 5 kana canjawa.

Hula, a gurguje. Kar ka maƙale wa guda ɗaya, gumi yana cin bakinta. Ka riƙa juya biyu ko uku, wadda ka cire ka kife ta ta sha iska. Zanna Bukar ɗinka mai tsada, wadda aka wanke aka sa mata sitaci, ruwa ɗaya zai kwantar da ita, don haka ka ninke leda ka sa a aljihu. Masu zuwa gona ko masu aikin gini kuwa, malfa ba abin kunya ba ce, ta fi kowace hula hankali a ranar nan.

Takalmi. Mu da Allah Ya ba fata, fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar nan aka bi da ita ta Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, bai kamata mu rasa takalmin kirki ba. Ka shiga Kofar Wambai ko Kurmi ka sa a yi maka buɗaɗɗe na fata, ƙafa ta sha iska. Amma ka duba ƙasansa, ya zama roba mai zane wadda ba ta santsi, kuma ɗinki ne ba gam kaɗai ba, don gam yana saki a ruwa. In ya jiƙe kar ka shanya a rana, fatar za ta tsage. Ka cusa masa tsohuwar jarida ka ajiye a inuwa.

Turare kuma, don Allah 'yan uwa, a tausaya wa sahu. Zafi yana ninka ƙarfin ƙamshi. Oud mai nauyi da ya yi maka daɗi lokacin hunturu, yanzu in ya haɗu da gumi a cikin adaidaita sahu sai ya hau wa mutane kai. Ka nemi mai sanyi, ka shafa kaɗan. Na mai kuma kar ya taɓa farin yadi, tabonsa ba ya fita da sauƙi. Wanka da alimun a hammata sun fi kwalba guda aiki.

To bari in yanke nan, wani ya shigo. Zan ci gaba.

Yawwa, na dawo. Kayan amfani ke nan. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, ka sayi fanka mai caji. Dalili, da iskar farkon damina ta fara kada turaku, wuta sai ta yi kwana biyu ba ta zo ba, kuma daren nan ba ya kwantuwa. Ka tambayi irin batirin da ke ciki, ka tambaya ko ana samun na canji, don fanka ba ta cika mutuwa ba, batiri ne ke mutuwa. Kar ka riƙa barinta ta ƙare tas kafin ka sa caji. In ka samu mai haɗe da ƙaramin faifan sola, ka ƙara kuɗi ka ɗauka, ranar da ke ƙona mu ita za ta yi maka fifita da daddare.

Abin cajin waya na tafi-da-gidanka, wato fawa banki, akwai abin da nake so ku sani. In an rubuta 10,000 a jiki, ba duka ne zai shiga wayarka ba. Batirin ciki yana kan bolt 3.7 ne, a ɗaga shi zuwa 5 kafin ya fita, a nan ake asarar wani kaso, abin da za ka samu bai fi kashi biyu cikin uku ba. Wanda ka ga ƙarami ne mara nauyi amma an zabga masa lamba mai yawa, ka ajiye shi, batiri na gaskiya nauyi gare shi. Ka je kasuwar waya ta Farm Centre da wayarka ka gwada a gabansu. Kuma kar ka bar shi, ko wayar, a gaban mota cikin rana. Zafi yana kashe batiri, yana kumbura shi, har gobara yana jawowa. Masu shirin hawa jirgi, musamman maniyyatanmu, a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin babban kaya ba.

Sauran ƙanana ne: gorar ruwa mai riƙe sanyi, lema mai ninkewa, rigar ruwa ga mai babur, da gidan sauro tun kafin sauron ya iso. Gilashin rana kuma, in ba ya tare hasken nan mai cutarwa, duhunsa banza ne, har ya fi cutarwa, don ƙwayar ido tana ƙara buɗewa a bayansa.

Sai nishaɗi. Na san rabin zauren nan hankalinsu na kan ƙwallo, wata ne na rufe gasar Firimiya, ga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da tun 2010 galibi ake buga shi ranar Asabar. Ku kalla, ni ma zan kalla. Amma gidan kallon da aka rufe da kwano, mutum sama da ɗari, ba taga, janareta na hayaƙi a bakin ƙofa, wannan ba hutu ba ne. Ku haɗu ku biyar ku shida a tsakar gida, a fito da talabijin, a shimfiɗa tabarma, a kawo zoɓo da kunun aya da kankana. Kuma kar mu manta da namu. Pillars ta ci gasar ƙasar nan sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma yaranmu sun haddace sunayen 'yan benci na Ingila ba su taɓa taka filin Sani Abacha ba. Wannan yana min ciwo. In akwai wasan gida, ka riƙe hannun ɗanka ku je, Sai Masu Gida.

Wanda kuma na fi so a raina shi ne hawan Dala bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Ka tsaya a sama ka ga birni yana farkawa, Gwauron Dutse na can gefe, iskar safiya na kaɗa ka. In an yi ruwan farko da daddare, ƙurar ta kwanta, ƙamshin ƙasa ya tashi, wallahi ba kuɗin da zai saya maka wannan. Daga nan ka gangara Gidan Makama, ginin da ke tsaye tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ka shiga ka ji yadda ginin ƙasa ke riƙe sanyi ba tare da na'ura ba. Masu hali da mota, gandun dajin Yankari ma yana nan, ku yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, amma ku yi sauri, don da ciyawa ta fito dabbobin sun bar bakin kogi sun bazu daji.

Roƙo ɗaya nake yi, da babbar murya. Zafi yana kora samari zuwa kududdufi da bakin dam, su Tiga da sauransu, kuma kusan kowace shekara sai mun ji an rasa wani. In ba ka iya ruwa ba kar ka shiga, ko abokai sun yi maka dariya. Ku faɗa wa ƙannenku.

Ƙanina, kai da ka yi tambayar, in za ka shigo Kwari ka zo kafin 11 na safe, layin bai cika ba. Ka taho da tsohuwar rigarka wadda ta fi maka daɗi a jiki don tela ya ga faɗinta, ashanar gwaji kuma akwai a shago. An kira la'asar, sai na ji daga gare ku. Wassalamu alaikum.