Otal ɗin Agogo na Makka: Me ke wurin kafin a gina shi?

Tambaya: Kwanan nan na dawo daga Umara. Duk inda na juya a Harami sai idona ya faɗa kan dogon otal ɗin nan mai agogo. Yaushe aka gina shi, me ke wurin a da, kuma me ya sa aka yi masa wannan irin tsawo? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Ginin da ka gani shi ne babba cikin benaye bakwai da ake kira Abraj Al-Bait, daura da Ƙofar Sarki Abdul'aziz. Tsawonsa mita 601 ne, an kammala shi a 2012. Kamfanin Dar Al-Handasah ne ya zana, kamfanin Binladin ya gina, Fairmont kuma ke tafiyar da otal ɗin.

A da tsauni ne a wurin, ana ce masa Bulbul. A kansa akwai sansanin Ajyad, wanda Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta gina a ƙarshen ƙarni na 18 don tsaron Harami. A 2002 aka rushe sansanin, aka baje tsaunin. Turkiyya ta yi ƙorafi ƙwarai, ni ma har yau abin yana min ciwo, domin ginin da ya haura shekara 200 ba ya dawowa.

Batun tsawo kuwa, ƙarancin fili ne ya kawo shi. Makka kwari ce da duwatsu suka yi wa ƙawanya, ga shi kowane alhaji burinsa ya ji kiran salla daga ɗaki, ya sauko ya riski sahu. Tunda babu wurin faɗaɗawa, sai aka nufi sama. Ginin wakafi ne da sunan Sarki Abdul'aziz, abin da yake samarwa na hidimar Masallatai Biyu Masu Alfarma ne, na Makka da na Madina. Shi ya sa za ka ga kantuna da wuraren salla a ƙasa, ɗakunan kwana a sama.

Agogon fuska huɗu gare shi, kowace faɗinta mita 43, Jamusawa ne suka tsara shi. Da dare fuskar takan koma koriya shar, ana karanta lokaci daga unguwanni masu nisa, ga jinjirin wata mai ruwan zinariya a can ƙololuwa.

A matsayina na mai zanen gine-gine, na sara wa injiniyoyin. Amma wurin ɗawafi, idan ka ɗaga kai za ka yi addu'a, agogon ne ke tsaye a kanka, alhali Ka'aba tsawonta bai kai mita 15 ba. Da ni aka ba aikin, da na ja ginin baya, na rage masa tsawo.