Ƙaramar na'urar karatu ko babba: wacce ta dace da mai karatun digiri na biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce a Sakatariyar Tarayya, ina zaune a Kubwa, kuma ina karatun digiri na biyu a ƙarshen mako. Idanuna sun fara ciwo saboda yawan karatu a waya, shi ya sa nake son sayen na'urar karanta littattafai. Abubuwan da nake karantawa su ne maƙalun bincike da malamanmu ke turowa, da littattafan addini na Larabci, sai littattafan hikaya na Hausa da nake ɗebe kewa da su a mota. Kuɗina ba zai wuce na guda ɗaya ba. Ƙarama zan saya ko babba? Daga wata mai karatu a Kubwa, Abuja.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma ƙara lafiyar ido. Kafin ki kai ga zancen girman allo, ki buɗe wayarki ki duba ƙarshen sunan kowane littafi da ke cikinta, domin a nan amsar take. Littafin da ke a tsarin EPUB ko Word tamkar ruwa yake, duk mazubin da aka zuba shi zai ɗauki siffarsa: idan kika ƙara girman haruffa, layuka za su sake jeruwa su cika allon, ƙarami ne ko babba. Shi kuwa PDF shafi ne da aka riga aka tsara aka kulle, galibi a girman takardar A4, kuma abin da na'ura za ta iya yi masa shi ne ta ƙanƙance shi gaba ɗaya har ya shiga allonta. Maƙalun bincike kusan duk PDF ne, da yawansu rubutu ne jeri biyu a shafi tare da jadawali da ƙananan bayanai a ƙasa. Littattafan Larabci da ke yawo a hannun ɗalibai kuwa mafi yawansu hoton shafukan bugaggen littafi ne, ga matani a sama, ga sharhi da ƙananan haruffa a ƙasa, ga wasula da ɗigo waɗanda ɓacewar ɗaya daga cikinsu kan sauya ma'anar kalma.

Akwai gwajin da nake so ki yi, wanda ba zai ci miki fiye da kuɗin buga takarda biyu ba. Ki ɗauki maƙala ɗaya daga cikin na makarantarku ki kai shagon buga takardu, ki ce a matse miki shafi huɗu a fuskar takarda ɗaya, sannan a sake buga wata da shafi biyu. Ta farkon ta ma ɗan fi abin da za ki gani a allon ƙaramar na'ura mai inci 6 girma, domin faɗinsa kusan santimita 9 ne, tsawonsa 12. Ta biyun ita ce kusan daidai da allon babbar na'ura mai inci 10.3, wato rabin A4. Ki riƙe su a nisan da kika saba karatu, idonki da kansa zai yanke hukunci.

Wani zai ce ai ana iya buɗa shafi da yatsu kamar yadda ake yi a waya. Ana iyawa, amma allon waɗannan na'urori na tawadar lantarki ne, wanda ake kira E Ink: ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare ke motsawa su fitar da rubutu, kuma ba sa jan wuta sai lokacin da shafi zai sauya. Wannan ne ya sa batirinta ke yin makonni ba a yi caji ba, abin da duk wanda ya san halin wutar lantarkinmu zai yaba, kuma shi ne ya sa rubutun ke fitowa sarai ko a tsakiyar rana. Sai dai motsin ƙwayoyin yana da nawa, don haka jan shafi hagu da dama a kowane layi wahala ce da ba za ki jure ta a maƙala mai shafi 30 ba.

Saboda haka, a ganina babbar ce ta dace da ke, tun da kashi biyu cikin uku na karatunki PDF ne, kuma su ne suka fi cin ido. Kindle Scribe, wadda Amazon ya fitar a 2022, tana da inci 10.2, Kobo Elipsa da reMarkable 2 kuma inci 10.3, kuma dukkansu ana rubutu a kansu da alƙalami, wanda zai ba ki damar ja wa muhimmin wuri layi ki yi ta'aliƙi a gefe. Idan shafi ya yi miki ƙanƙanta, ki kwantar da na'urar a gicciye, tsawonta zai zama faɗin A4, ki karanta rabin shafi a cikakken girmansa. Ki lura cewa reMarkable 2 ba ta da fitila a allonta, idan aka ɗauke wuta da dare sai kin nemi haske.

Ba zan ɓoye miki abin da za ki rasa ba. Ƙaramar Kindle nauyinta giram 158 ne, bai kai na yawancin wayoyin zamani ba, tana shiga ƙaramar jaka, kuma ana riƙe ta da hannu ɗaya ko an matsu a kujerar baya ana cikin cunkoson hanyar Kubwa. Scribe ta farko giram 433 ce, idan aka sa mata marfi ta kai nauyin ledar fiya wata, ta fi son tebur ko cinya, farashinta kuma ya haura ninki uku na ƙaramar. Ga shi ƙarƙashin allon akwai siririn gilashi, kuma gwargwadon faɗinsa gwargwadon sauƙin tsagewarsa idan aka danne jaka. Ba kamar allon waya ba ne da za ki shiga kasuwar wayoyi ta Banex a Wuse a sauya miki nan take, saboda haka marfi mai tauri wajibi ne tun ranar saye.

Masu inci 7, irin Kindle Paperwhite ta 2024 da Kobo Libra, suna da daɗin karanta hikaya ƙwarai, amma kada a ruɗe ki da cewa su ne tsaka-tsaki, domin a gaban shafin A4 bambancinsu da mai inci 6 kaɗan ne.

Ranar da za ki saya, ki nemi mai shago ya sa miki maƙala ɗaya, da shafin Larabci mai wasula, da littafin Hausa ɗaya, ki duba su da idonki. A na Hausar ki tabbatar ɓ da ɗ da ƙ sun fito daidai, domin ba kowane salon haruffa ke ɗauke da su ba, ko da yake Kindle da Kobo duka suna karɓar sabon salon da mutum ya zuba musu ta kwamfuta. Idan kuma ciwon idon ya ci gaba bayan kin rage karatu a waya, ki daure ki je a auna miki ido a asibiti.