Kamfanin da ke biya wa masu sayayya su rama daga baya: in sa hannu ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon wayoyi da fanka da firigo kusa da Babbar Kasuwar Yamai. Ciniki ya ja baya, littafin bashina kuma ya cika. Wasu samari daga wani kamfani sun kawo mini tayi: mai saye ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kaya ya tafi da su, sauran ya biya kamfanin cikin wata uku. Ni za su biya ni cikin mako guda, su cire la'adar 6 cikin 100, su riƙe 10 cikin 100 har wata uku. Sun ce ko mutum ya gudu babu ruwana. Maƙwabcina ya shiga, har yana ba mutane tsabar kuɗi maimakon waya ya rubuta faktir, yana cewa kuɗi ne a ɓagas. Takardar da Faransanci take, shafi tara. Jarin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai na marayun yayana a ciki, shi ya sa barci ya ƙaurace mini. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari. Tunda akwai dukiyar marayu a ciki, kada ka sa hannu a makon nan, kome matsin da samarin za su yi maka. Tsarin yana iya ƙara maka ciniki, musamman wurin ma'aikata masu jiran ƙarshen wata, amma sai bayan ka san abubuwan da zan lissafa.

Fara da sanin wa ke ba da bashin. A ƙasashenmu na UMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, mai da ba da bashi sana'a haƙƙin bankuna ne da cibiyoyin kuɗi da asusun ƙananan bashi masu lasisi. Izinin da kamfanonin kuɗin waya ke da shi bai ƙunshi ba da bashi ba, saboda haka in ka ga bashi ya biyo ta waya, akwai banki ko asusu a bayansa. Ka ce su nuna maka lambar lasisinsu (*agrément*), ko sunan bankin da suka jingina da shi, da lambar rajistar kasuwanci (RCCM) da lambar haraji (NIF). Babban bankinmu BCEAO na wallafa jerin masu lasisi, ga kuma hukumar ARSM nan Yamai mai sa ido kan asusun ƙananan bashi. Wanda ya fara kame-kame a nan, ka sallame shi. Ka kuma tambayi nawa mai saye zai biya gaba ɗaya. Iyakar da aka sa a 2014 ita ce 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, 24 ga sauran masu ba da bashi. "Uku cikin ɗari kawai a wata" 36 ke nan a shekara, kuma sunan shagonka mutane za su riƙa kira in abin ya ƙona su.

Sai lissafi. Ɗauki wayar da ka saro jaka 100 kana sayarwa jaka 115. La'adar 6 cikin 100 a kan farashin sayarwa ake cire ta, wato sefa 6,900. Ribarka ta jaka 15 ta koma 8,100, kusan rabi ya tafi. Riƙon 10 cikin 100 kuma sefa 11,500 ne, ya fi ribar da ta rage. Kowace waya da ka sayar ta wannan hanya, sai ka ciro 3,400 daga uwar kuɗi kafin ka iya saro madadinta. In kana fitar da waya 40 a wata, kafin riƙon farko ya dawo an tara maka sefa 1,380,000 a hannun wasu. Mai jarin da zai jure wannan, kuma cinikin da ya ƙaru sabo ne, ya ci riba. Amma in mutanen da dama can lakadan suke biyanka ne suka koma tsarin, ka yi wa kamfani kyautar rabin ribarka ke nan. Kayan da ribarsu ba ta kai 10 cikin 100 ba, kada ka sa su ciki ko kaɗan.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda kullum ake maimaitawa a rumfuna da fada: wai da zarar kamfani ya turo kuɗi, ciniki ya ƙare, babu ruwan mai shago. Ƙarya ce, Alhaji, kuma ita ce ke rufe shaguna. Samarin da suka gaya maka haka a kan kowace takarda da aka sa wa hannu ake biyansu kamasho. Ranar rigima ba za ka gan su ba, shafi taran nan za a shimfiɗa a gabanka.

Ka kai takardar wurin lauya ko akawun da ka yarda da shi, ba ɗan unguwa mai ɗan Faransanci ba, ka ce ya nemo maka kalmomi biyu: *avec recours* ko *sans recours*. Ta farko na nufin in mai saye ya kasa biya, kanka za a dawo. Wato littafin bashinka ne dai, ka ƙara da biyan la'ada. Ta biyu na nufin kamfani ya ɗauki asarar rashin biya. To ko ita ɗin, rashin biya na mutumin kirki da ya gaza kawai ta rufe. Irin waɗannan takardu kusan duk suna ba kamfani ikon karɓe kuɗinsa in mai saye ya ce bai karɓi kaya ba kuma ba ka da shaida, in kayan sun lalace ka ƙi canzawa, in katin ɗan ƙasar da aka yi rajista da shi na wani ne, in ka tsallake wani mataki na tantancewa, ko in cinikin na bogi ne. Kuma ba sai sun kai ka kotu ba. Kuɗinka na hannunsu: su zare daga riƙon, su zare daga cinikin makon gobe, wani lokaci ma takardar ta ba su izinin cira daga asusunka na banki. Kai ne za ka koma kana bin su da ƙara. Saboda haka a duba maka kwana nawa suke da ikon dawowa kan ciniki, da wace shaida za ka kare kanka, da kuma ranar da dole su sako riƙon in ka fita daga tsarin.

Abin da maƙwabcinka ke yi daga wannan ƙaryar ya fito, kuma ya fi ta muni. Mutum ya matsu, ko kuɗin asibiti, ko komawar yara makaranta a Oktoba, ko ragon layya. Dillali ya kawo shi shago. A rubuta faktir na waya jaka 115, a ƙirga masa jaka 90 a hannu, kamfani ya biya 108,100 in an haɗa da riƙon. Mai shago ya ga ya ci jaka 18 bai taɓa kwali ba. To tsaya ka duba wa ke karɓar 90 ya yarda zai biya 115 ko fiye cikin wata uku. Wanda duk ƙofofi suka rufe masa ne, dangi sun gaji, banki ya ƙi shi. Da wuya irinsa ya wuce biya na biyu. Ranar da sunaye biyar ko goma daga shago ɗaya suka tsaya cak, kwamfutar kamfani da kanta za ta ware shagon. Binciken ba wuya gare shi ba. Kowace waya na da lambar IMEI mai alƙaluma 15. Masu ba da waya bashi galibi suna sa mata makullin da ke toshe ta daga nesa in an daina biya. Sai su ga lambar da aka rubuta ba a taɓa kunna wayarta ba, ko tana hannun wani a Maraɗi da ya saya lakadan, ko an rubuta ta a faktir biyu. Su kira mai bashin, shi kuwa don ya tsira zai faɗi gaskiya: kuɗi aka ba ni.

Daga nan babu sauran *sans recours*. Za a bi duk cinikin shagon, na gaskiya da na ƙarya, a daskarar da kuɗin. Magana ta tashi daga bashi ta koma takardar jabu da damfara, wato ta polis da alƙalin laifi. Ga haraji kuma yana jira. In shagon na cikin masu karɓar TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, faktir ɗin da ya fita ta na'urar haraji ciniki ne a idon hukumar haraji ta DGI. TVA 19 cikin 100 da ke cikin jaka 115 ta kai sefa 18,361, kuma babu sarin da za a cire a rage ta tunda ba a saro kome ba. Harajin kaɗai ya haɗiye jaka 18 ɗin har da ɗoriya, kayan da ke cikin shago kuma sun daina dacewa da littafi.

Wasu masu wayo sukan ce ai su wayar gaske suke miƙawa, mutum ya fita ƙofa ya dawo su saye ta jaka 90. Ba cinya ba, ƙafar baya. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da toshe wannan ƙofa, don sun gane kuɗi ne aka bayar a karɓi fiye da su, wayar shaida ce kawai ta ƙarya. Sayar da kaya da ajali a farashin da ya fi na lakadan ya halatta, in an tsayar da farashi ɗaya tun wurin ciniki. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, ta kuma hana ɗora wa mai bashi ƙari don ya makara. To ka tambayi kamfanin: kayan suke saya daga gare ka su sayar wa mutum, ko kuɗi suke ranta masa da ruwa? Akwai tarar jinkiri? Ka kai amsar wurin malamin da ya san ciniki. Dukiyar maraya ba a cuɗa ta da abin da ake shakka. Ka kuma lura da yaran shago, don sau da yawa maigida na masallaci yaro da dillali ke ƙulla irin wannan. Lambar sirrin shiga tsarin ta zauna wurinka.

In takardar ta fito da tsabta ka yanke shawarar shiga, ga yadda za ka tsare kanka a kanta. Kaya ba sa fita don an nuna maka saƙo ko hoton saƙo a wayar mai saye, ƙirƙirar wannan aikin minti biyu ne. Sai ka ga amincewar a naka asusun na kamfanin. Mai katin da kansa zai tsaya gabanka, ka dubi hoto ka dubi fuska, lambar wayar kuma ta zama da sunansa. "Na matata ne" ko "na babana ne, ba ya da lafiya" ba su karɓuwa. Lambar sirrin da ake turo masa shi zai shigar da hannunsa, kada kai ko yaronka ku taɓa. A buɗe kwali a gabansa, a danna *#06#, a gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali, a rubuta ta a faktir da takardar miƙa kaya, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, da kwanan wata. Firigo da fanka lambar jikinsu za ka rubuta. Ka adana takardun nan a jere, kowace da lambar cinikinta, don ranar musu su kaɗai ne za su yi maka magana.

In an dawo da kaya, kada ka mayar da tsabar kuɗi. Ta kamfani za a soke cinikin, in ba haka ba mutum ya karɓi kuɗinka, bashi na kansa, kamfani kuma ya zare daga naka. Ka tambaya tun yanzu ko la'adar na dawowa in an soke, don wasu ba sa mayarwa. Kowane mako ka zauna ka gwada abin da ya shigo da abin da ka sayar, layi bayan layi. Kofen katunan mutane kuma amana ne. Akwai dokar kare bayanan mutum a Nijar tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Wanda ya ƙi biya, kada ka liƙa hotonsa a WhatsApp ko Facebook, kada kuma ka yarda kamfani ya mai da kai mai bi masa bashi gida-gida.

Wannan littafin naka da ya cika ma yana da gyara. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta yarda ka rubuta cewa kaya naka ne har a gama biya, muddin an rubuta kafin ko ranar miƙa su, kuma sai an yi rajistar sharaɗin a RCCM yake aiki a kan wani na uku. Bashin da ke rubuce da adadi da sa hannu ana iya neman umarnin biya a kansa daga kotu ba tare da doguwar shari'a ba. Wanda ke cikin kai da "Allah ya kai mu ƙarshen wata" kuwa babu alƙalin da zai karɓo maka.

Ka nemi su ba ka gwajin wata uku a kan kaya iri biyu ko uku masu kauri a riba, ka sa wa kanka iyakar da riƙon ba zai wuce ba, misali kashi ɗaya cikin goma na jarinka. Kason marayu ka fitar da lissafinsa daban a rubuce da shaidu biyu, kada ya shiga gwajin sai riƙon farko ya dawo hannunka cif a ranar da takarda ta faɗa. In ya makara ko da mako guda ne ba tare da dalili a rubuce ba, ka tsayar da sabon ciniki har su biya.