Shekara nawa suka wuce, wa ke riƙe da ruwa?

Yarona, na karanta takardar da ka bar mini. Ka ce da za a ba ka aikin tsara kashi na gaba na wasan bidiyon nan Fallout: New Vegas, za ka ninka taswirar sau uku, ka ƙara bindigogi da sababbin dodanni, sannan ka tambaye ni ko ta nan ake fara tunanin ci gaban wasa. A'a. Waɗannan duk kaya ne, kuma ba a lodi sai an san garin da mota za ta.

Tambayar farko ita ce, shekara nawa suka wuce tun wasan baya, kuma me mutane suka yi da shekarun? Koma ka buga Fallout na farko, wanda Tim Cain da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Interplay a 1997. A labarin, yaƙin nukiliya ya cinye duniya a 2077, wasan kuma yana farawa a 2161. Za ka isa wani ƙauye mai suna Shady Sands, 'yan gidajen ƙasa da rijiya da gona da shanu masu kai biyu. Damuwarsu manyan kunamu ne da 'yan fashin da suka sace Tandi, 'yar mai garin. Kai za ka je ka ƙwato ta. Da Fallout 2 ya fito a 1998, an tsallake shekara 80. Ƙauyen nan ya zama babban birnin Jamhuriyar Sabuwar Kalifoniya, da 'yan sanda da dokar hana yawo da makami a hannu, Tandi kuwa ta tsufa tukuf, ita ce shugabar ƙasa. Wanda ya buga na farko, in ya tsaya gabanta sai jikinsa ya yi sanyi, don ya san da hannunsa a cikin wannan ƙasa. Babu girman taswirar da zai ba ɗan wasa wannan.

Dubi kuɗinsu ma. A wasan farko marfin kwalba ake kashewa, kuma yana da daraja ne saboda 'yan kasuwar ruwa na garin Hub sun tsaya masa. A na biyu jamhuriya ta buga nata kuɗin. Zuwa New Vegas, shekarar 2281, takardar jamhuriyar ta faɗi har dala 100 marfi 40 kawai take saye. Ɗan wasa yana ganin ƙarfin gwamnati da rauninta a aljihunsa tun kafin wani ya buɗe baki ya yi masa bayani. A nan nake da ƙorafi kan Fallout 3 na kamfanin Bethesda, na 2008, duk da ina son sa: shekara 200 bayan yaƙin, amma mutane na kwana kusa da tarkace da ƙasusuwa kamar jiya aka yi ɓarnar. Ɗan Adam ba haka yake ba. Ko kango aka ba shi zai share, ya kafa rumfa, ya fara ciniki, ba da jimawa ba kuma a fara rigimar fili.

Sai matsalar da takardarka ta tsallake, alhali ita ce mafi wuya. New Vegas yana da manyan ƙarshe huɗu: jamhuriya ta ci madatsar ruwan Hoover da ke kan kogin Kolorado, ko rundunar Caesar, wani ɗan kama-karya mai bautar da mutane, ko Mista House, attajirin da ke mulkin birnin New Vegas, ko ɗan wasa ya kori kowa. Wanne ya faru? Wasu masu tsarawa kan gudu su kai labarin wata jiha mai nisa don kada su amsa. Ni ina ganin gara ka zaɓi ɗaya ka ɗauki nauyinsa, yadda Fallout 2 ya yanke cewa Shady Sands ya tsira.

Da ni ne, zan ce jamhuriya ta yi nasara, kuma nasarar ce ta zame mata alaƙaƙai. A tsallake shekara 40. Madatsar da aka kammala a 1936 ta haura shekara 380, injinanta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu masana'antar da za ta ƙera wasu. Biranen Kalifoniya na son wuta, manoman da ke ƙasa da madatsar na son ruwa, manyan masu shanu kuma sun saye 'yan majalisa. Jikokin sojojin Caesar suna nan a ƙauyukan gabashin kogin Kolorado, su ne leburorin gyara, ba su da ƙuri'a. Ɗan wasa kuwa ƙaramin ma'aikaci ne da aka tura ya auna ruwan da kowane gari ke sha. Ka ga littafin da ke hannunsa ya fi bindiga haɗari, domin kowa na son ya rubuta ƙarya.

Abokin gaba kuma, ka ba shi hujjar da za ta tsaya wa ɗan wasa a wuya. Master, babban mugun wasan farko, ya yi imani cewa mayar da mutane ƙartin dodanni ne zai kawo ƙarshen yaƙi. Kana iya kashe shi da harsashi. Amma in ka samo rahoton binciken gawa da ke nuna dodannin nasa ba sa haihuwa, ka kai masa, ka iya magana, shi da kansa zai gane aikinsa ba shi da gobe, ya tarwatsa wurin. Sabon dodonka mai kai uku, wace hujja gare shi?

Kada girma ya ruɗe ka. Obsidian, kamfanin da ya yi New Vegas, ta haɗa shi cikin kimanin wata 18 a kan injin Fallout 3, wato manhajar da aka gina wancan wasan da ita, ta zuba ƙarfinta a rubutu da ƙungiyoyi masu jayayya da juna, shi ya sa har yau ake gardama a kan wa ya kamata ya riƙe madatsar.

Ga aikinka na wannan mako. Ajiye taswirar, ka ɗauki gari ɗaya tak. Rubuta mini a shafi ɗaya abin da suke ci, inda suke ɗebo ruwa, wa suke biya haraji, da wanda suke tsoro in dare ya yi. A bayan shafin ka tsara aike guda da za a iya gamawa ta hanya uku, da baki ko da saɗaɗawa ko da faɗa, kowace hanya kuma ka faɗa mini wa ya yi asara a garin. Ka kawo ranar Alhamis mu zauna a kai.