Ba na sakin goge sai kuɗi ya shiga hannu

Ka tambaye ni ko za ka bai wa mutumin nan gogensa ya tafi gasar masu goge ta garin Galax, a jihar Virginia ta Amurka, in ya dawo ya biya kuɗin gyara. Kada ka kuskura, yaro. Batun rage tudun jaki, ɗan katakon da tsirkiya ke hawa kansa, don ya riƙa gogar tsirkiya biyu lokaci guda kuwa, ba zan ɓata bakina ba. Wanda ya yi wata 6 a shagon nan bai gane wannan ba, ya nemi wata sana'a.

Akwai wani makaɗin bluegrass, kiɗan karkarar Amurka, da ya yi tashe a tsaunukan nan na Virginia, ba a bikin aure ko rawar daren Asabar ba tare da shi ba. Ya kawo mini gogen kakansa, fuskar ta tsage tun daga ƙasa har wurin da ɗan guntun icen da ke ciki ya tokare ta. Mako 3 na yi a kansa. Na ɗaga fuskar, na dafa mannen fata, na bi bayan tsagar ina liƙa 'yan ƙananan katako ɗaya bayan ɗaya, na sa wa bakan sabuwar izgar doki. Da ya shafa ƙaro ya goga, sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ce gasa saura kwana 2, da ya dawo zai kawo mini dala 700. Na yarda, don na ji hannunsa, kuma hannu ne na gaske. Ya je ya kaɗa, aka yi masa tafi, sannan ya sayar wa wani baƙo gogen a wurin ajiye motoci. Gogen kakansa fa! Har yau ko sannu bai ce mini ba. Kuɗin ma ba su kai aikin ciwo ba, don ban ƙara ɗinke tsaga ta ɓace haka ba.

Gasar Galax tun 1935 ake yin ta, kowane watan Agusta, amma kyautarta ba ta riƙe gida. Dubi Kenny Baker, mutumin Kentucky, wanda ya yi sama da shekara 20 yana yi wa Bill Monroe, uban kiɗan bluegrass, goge. Shi kansa sai da ya riƙa ajiye baka yana komawa ramin kwal don iyalinsa su ci. To ina ga wanda sunansa bai ƙetare gundumomi uku ba? Da rana yana tuƙa mota ko yana aikin katako, kiɗa sai ƙarshen mako, man mota ya cinye rabin abin da aka ba shi.

Ku yaran yanzu, da kun ga mutum a waya ana yi masa tafi sai ku ɗauka aljihunsa cike yake. Rataye gogen a bayan kanta, ka rubuta masa kuɗin a takarda. In ya zo da rabi, ka kira ni. Kuma ka sauke mannen nan daga wuta, ina jin ƙaurinsa tun daga nan.