Amsa: Karen gidanmu ya fara gurnani da kai cizo

Ɗan'uwa, ka ce karenku a Garwa mai sanyin hali ne, amma mako biyu ke nan yana gurnani in an taɓa kansa. Don Allah kada ka doke shi. Sauyin hali farat ɗaya, galibi ciwo ne ke jawo shi: kunne, haƙori ko kaska da ta maƙale.

Likitan dabbobi zai fara duba jikinsa kafin ya ce matsalar hali ce. Zai tambaye ka yaushe abin ya fara, wa yake yi wa, a bakin abinci ne ko yana barci, kuma a ɗaure yake wuni cikin zafin rana? Ɗauki bidiyonsa da waya ka nuna wa likitan, domin a gaban likita tsoro kan ɓoye halinsa na gida.

Abin da ya fi damuna shi ne haukan kare. Yaushe aka yi masa rigakafi? In yana dalalar da yawu ko muryarsa ta sauya, killace shi, ka janye yara. Duk wanda karen ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya tafi asibiti a ranar.